Damuwar Yau da Gobe: Tambayoyi da Amsoshi Kan Riƙe Hankali da Kyautata Zato

Tambayoyin nan irin waɗanda ake ji ne a dandali bayan la'asar, a cikin mota ranar kasuwar Gujungu ko ta Wudil, da kuma waɗanda mata ke yi a tsakar gida in maza sun fita. An amsa su ne don mutumin karkarar Kano da Jigawa. Abin da ya shafi fatawa a koma wa malamai, abin da ya shafi magani a koma wa likita.

Malam, tunani ya hana ni barci: taki, cefane, kuɗin maganin yara. Anya ba imanina ne ya yi rauni ba?

Ba lallai ba ne, ɗan'uwa. Magidancin da mutum goma ke wuyansa, ga rumbu ya fara amsa kuwwa tun ruwa bai sauka ba, in bai yi tunani ba ai sai a tambayi lafiyarsa. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin mota, kuɗin niƙa, man injin ban ruwa, duk suka bi ta. Ruwa ba ya tsami banza.

A aya ta 155 cikin Suratul Baƙara, Allah ya lissafa abin da zai jarrabe mu da shi: tsoro, yunwa, tauyewar dukiya da rayuka da amfanin gona. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, amma shi ne dai ya ce wa 'ya'yansa su koma su nemo labarinsa, kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma cikin addu'o'in da ya yawaita akwai neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi. Abin da aka hana shi ne yanke ƙauna da munana wa Allah zato. Kada ka ɗora wa kanka kaya biyu, ga damuwar taki ga damuwar cewa kana damuwa.

To yaya zan yi da tunanin da ke taso mini da tsakar dare?

Da farko dai, kada ka yanke hukunci da dare. A lokacin jiki ya gaji, babu wanda za ka tambaya, babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, shi ya sa komai ke ƙara girma. Maganar sayar da gona, sakin mata ko barin gari, a bar ta sai hantsi ya dubi ludayi. In barci ya ƙi, tashi ka yi alwala ka yi nafila, ya fi juyi a tabarma da waya a hannu. Shayi mai kauri da goro bayan magariba ma suna da hannu a rashin barcin mutane da yawa.

Abin da na fi ganin amfaninsa kuwa shi ne a ba damuwar adadi. "Abinci ba zai kai mu ba" magana ce mai ban tsoro da ba ta da kai ba ta da gindi. Shiga rumbu ka ƙirga. A ce gidanka na cin tiya biyu a rana: buhu mai tiya 40 zai yi kwana 20, buhu shida wata huɗu ke nan. In a Janairu ka yi wannan lissafi, ka san a Mayu za ka fara awo, kuma daga nan zuwa fitowar sabon gero a Satumba akwai giɓin wani buhu shidan. Labarin ba daɗi, amma yanzu yana da iyaka, kuma kana da wata huɗu na neman mafita: ƙwadago a gonakin rani, cirani, kiwon rago, ko sayen hatsi kaɗan-kaɗan tun bai tashi ba. Wanda bai ƙirga ba shi ma zai tarar da giɓin, sai dai zai tarar da shi ne a marka, lokacin da hatsi ya saba tsada kuma kowa nema yake.

Bayan ƙirga sai rarrabewa. Akwai abin da ke hannunka a wannan mako, kamar gyaran katanga ko kai yaro asibiti. Akwai wanda sai da hannun wani: yayanka, ƙungiyar manoma, mai unguwa. Akwai kuma wanda ba ya hannun kowa a ƙauyenku, irin su farashin dala, ranar saukar ruwa da abin da za a yanke a Abuja. Wannan na ƙarshen shi ke cinye dare, alhali na farkon ne ke jiran ka da safe. Na ƙarshen addu'a ce tasa, da shirin da zai rage maka zafinsa in ya zo.

Tunda komai rubutacce ne, mene ne amfanin wannan lissafi? Ba tawakkali ya fi ba?

Lissafin ai yana cikin tawakkalin. Hadisin mai raƙumi sananne ne: ya ɗaure, sannan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke; da aka ce ko gudun ƙaddara yake, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Annabi Yusuf kuwa ya ce wa mutanen Masar su yi noma shekara bakwai, su bar hatsin a zangarniyarsa sai ɗan abin da za su ci. Duk wanda ya taɓa ajiye dami a rumbu ya san dalili.

Dubi yadda kakanninmu ke shuka: gero da dawa da wake a gona ɗaya, wata gonar a tudu wata a fadama. In ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya nuna, in ya daɗe dawa ta samu, wake kuma ko bai yi 'ya'ya ba ga harawa. Ba su san yadda damina za ta kaya ba, sai suka shirya wa fuska fiye da ɗaya. Haka ya kamata abincin iyali ya zama, kada ya rataya a kan abu guda komai kuɗin da yake kawowa. Manoman tumatir na Kadawa da Kura sun ga haka a 2016, da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki.

Yau ma akwai ƙarin igiya. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: lokacin da ake sa ran saukar ruwa, tsawon damina, da inda ake tsoron fari a tsakiyarta. Hasashe ne, ba wahayi ba, yakan kuskure, amma ya isa ya sa mutum ya zaɓi iri mai saurin nuna. Buhun PICS mai riɓi uku kuma yana kare wake daga ƙwari ba tare da an zuba magani ba, sai a huta da sayarwa a wulaƙance da kaka.

Ruwa ya cinye mana shinkafa ana saura kaɗan a yanka. Zuciyata ta mutu, ban san ta inda zan fara ba.

Allah ya mayar da alheri. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne, kada kowa ya ce maka "ai ba komai". Mutanen Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja, Kirikasamma, Guri da Ringim sun sha wannan a 2020, suka sake sha a 2022. Ba laifinka ba ne, kuma ba wani ne ya yi maka asiri ba. Kogin Haɗeja daga kogin Kano da na Challawa yake ɗebo ruwa, inda aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992. In ruwan sama ya yi yawa dam ya cika dole ya zubar, ga yashi ya cike hanyar kogi, ga kacala ta toshe magudanai, sai ruwan ya bi ta gonaki da gidaje.

A makon farko aikin shi ne tsira da lafiya: ruwan sha mai tsabta, don amai da gudawa na bin bayan ambaliya, gidan sauro, da nisantar katangar ƙasa da ta jiƙe. A sa suna wurin mai unguwa ko dagaci, a ɗauki hoton gonar, amma kada a zauna jiran tallafi, don yakan makara kuma ba ya isa ga kowa. Abin da nake roƙon ka, kada ka sayar da gona ko shanun huɗa cikin wannan zafin. Masu saye sun san lokacin da mutum ya rikice. Ƙasar da ruwa ya kwanta a kai tana riƙe danshi bayan ya janye, kuma da noman rani a kanta mutane da yawa suka farfaɗo. Jinga da yashe magudana kuwa aikin gayya ne, da rani ake yin sa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bashi ya yi mini katutu, har kunyar fita masallaci nake ji.

Ɓuya ba ta rage ko sisi, sai ma ta ƙara wa mai bin ka fushi. Je ka same shi tun bai zo ba, da dattijo ɗaya da ku biyun kuke ganin girmansa, ka faɗi abin da za ka iya biya da lokacin biya, ko da kaɗan ne duk ranar kasuwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, ta 280 kuma ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

In basussukan da yawa ne, fara da wanda ke ƙaruwa, sai wanda aka jinginar da gona a kansa. Ba-da-kaka, inda za ka karɓi kuɗi ko taki da damina ka biya da buhu lokacin da hatsi ya fi araha, a zauna a lissafa shi tukuna, a kuma tambayi malami hukuncin irin wanda aka kawo maka. Manhajojin bashi na waya kuwa, ruwan da suke ɗorawa da tozarcin da wasunsu ke yi wa mutum wurin duk wanda ke cikin lambobinsa sun isa hujjar guje musu. Sannan ka koma sahu. Mai bin bashi da wanda ake bi a masallaci ɗaya suke salla tun zamanin sahabbai.

Duk lokacin da na buɗe waya sai gabana ya faɗi. Wane labari zan yarda da shi?

Ka tuna Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka yi ta tashin mutane cikin dare a waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka, alhali cutar kanta ba ta wuce Legas da Fatakwal ba. Wanda ya kira ka ran nan ba maƙiyinka ba ne, ɗan'uwanka ne da ya tsorata.

Aya ta 6 a Hujurati ta ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Saƙon muryar da ba a san mai ita ba, babu sunan gari babu rana, ga shi yana cewa "tura wa kowa yanzu-yanzu", a ajiye shi. In maganar tsaro ce, kira wani da ka sani a garin da aka ambata, ko ka jira labaran rediyo. Su ma suna kuskure, amma suna da adireshi. Tsohon bidiyo ko na wata ƙasa yakan dawo a ce yau ne a Kano, kuma yanzu ana iya ƙirƙirar muryar malami da kwamfuta. Labarai safe da yamma sun isa. Jin duk masifar duniya kafin ka kwanta ba ya taimakon waɗanda abin ya shafa.

Abokina ya kawo mini hanyar da kuɗi ke ninkuwa cikin wata guda. Ba ita ce mafitar da nake roƙo ba?

A'a. Riƙe kuɗinka. Cikin masu irin wannan alƙawarin ninka kuɗi, MMM ta riƙe kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta rufe da na wasu a Afrilun 2025, kuma tsarin ɗaya ne: da kuɗin na baya ake biyan na gaba. Shi ya sa abokinka ya ga riba da idonsa, ba ƙarya yake maka ba. Ranar da sababbin shiga suka ragu, sai a nemi ofis a rasa. Ka tambaya: me ake saya, me ake sayarwa, ina shagon? Rago ka ga rago, riɗi ka ga riɗi. Haka cacar ƙwallo take, haka bokan da zai ce ka kawo baƙin bunsuru ya buɗe maka arziki alhali shi a bukka yake kwana. Mutumin da ke cikin matsi suke farauta, don shi ne ba ya tsayawa tambaya.

Na yi istihara ban yi mafarki ba. Yaya zan gane zaɓin?

Mafarki ba sharaɗi ba ne. Abin da ya zo a hadisin Jabir shi ne raka'a biyu na nafila da addu'ar neman zaɓi: in alheri ne Allah ya ƙaddara ya sauƙaƙa, in sharri ne ya raba ka da shi. Babu maganar ganin fari ko kore a barci, kuma kai za ka yi abinka, ba sai ka biya wani ya kwana maka ba.

Shawara ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A Ali Imrana aya ta 159 an jera su: shawara, azama, sannan dogaro ga Allah. Wa za ka tambaya? Wanda ya taɓa yin abin, ba shi da riba a zaɓinka, kuma zai iya ce maka a'a. In saniya za ka saya, dillali ba shi ne mai ba da shawara ba. In aurar da 'ya ne, mahaifiyarta da ita kanta yarinyar suna da maganar da ba za ka ji a majalisa ba. An hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. In an hana mai littafi a gabansa, ina ga ni da kai a tsakar gida da yunwa a ciki? Saki nawa aka yi da yamma, aka wayi gari ana neman malamin da zai ce bai auku ba?

Maigidana ya tafi cirani tun bayan kaka, aike sai jefi-jefi. In na yi magana sai a ce in yi haƙuri. Har yaushe?

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Ci da sha da sutura haƙƙinki ne da na yara a kan maigida, neman su ba rashin kunya ba ne. Fara da shi kansa, a lokacin da ba faɗa ake ba, kuma da adadi: abin da gida ke ci a mako kaza ne, abin da ke zuwa kaza ne. Maza da yawa a can Legas ko Abuja a rumfa suke kwana, kunya ke hana su cewa babu, sai su daina ɗaga waya. Lissafi a fili ya fi "ba ka damu da mu ba" buɗe bakinsu. In hakan bai yi ba, akwai iyayensa, akwai waliyyinki, akwai liman. In ya kai ga duka ko an bar ki babu ci babu sha, ga Hisba ga kotun shari'a, kuma duka ba ya cikin abin da ake ce wa mace ta haƙura da shi.

Abin hannunki komai ƙanƙantarsa yana rage zullumi: awara, ƙuli-ƙuli, ɗinkin hula, kaji, akuya ɗaya da za ta zama uku. Adashi yana da amfani in uwar adashin amintacciya ce kuma zubin bai fi ƙarfinki ba. Gasar biki da kayan ɗaki kuwa a yi hattara, don an sha ganin gidan da ya tsallake fari ya tsallake ambaliya, bikin 'ya ɗaya ya durƙusar da shi. Kada kuma ki kulle kanki a ɗaki. Islamiyyar matan aure, ban da karatun, wuri ne da za ki ga ba ke kaɗai ba ce.

Yaushe damuwa ke tashi daga ta yau da kullum ta zama ciwo?

Ta yau da kullum takan zo ta tafi: an biya bashi ta ragu, an yi suna a maƙwabta ka je ka yi dariya. Ciwon damuwa ba ya jin wannan. In mutum ya yi mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abin da da yake so ya fita masa a rai, barci ya lalace, abinci ya ƙi ciwuwa, jiki ya mutu, yana ganin ba shi da amfani, a kai shi asibiti. A wurinmu sau da yawa da wata riga yake zuwa: "kaina ke zafi", "ƙirjina ya yi nauyi", "wani abu na yi mini yawo a jiki". Mai jegon da ta yi makonni tana kuka, ba ta son ɗaukar jaririnta, ko ta fara maganar da ba kai, ita ma asibiti take buƙata, ba faɗa ba.

A fara da ƙaramin asibitin da ke kusa, a auna jini, don hawan jini ba ya sallama. In awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko sama, a bi umarnin likita. In da buƙata za a tura mutum gaba: akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai na Kazaure, akwai sashen a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma ciwon na jin magani, sai dai maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ɗaure mara lafiya da mari ko dukan sa da sunan fitar da aljani zalunci ne. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba sa faɗa da maganin likita, a haɗa.

Tramol, kodin da gwamnati ta hana maganin tarinsa a 2018, da ƙwayar barci ta kemis ba da izinin likita ba, suna kwantar da abin na ɗan lokaci su dawo da shi da ƙari. Wanda kuma ya ce "gara in mutu in huta", a ɗauki maganarsa da gaske. Kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin feshi da na ɓera daga inda hannunsa zai kai, a tambaye shi kai tsaye abin da ke ransa, a kai shi asibiti a ranar. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Ita ke buɗe masa hanyar magana.

Na gama makaranta babu aiki. In zauna ko in shiga duniya?

Tafiyar da ke da mai masauki, da sana'ar da za ka tarar, da ranar dawowa, daban take da tafiyar gudun gori. Hanyar Agadas zuwa Libiya ta ci 'ya'yan mutane da yawa. In ka zauna kuma, kada ya zama zaman jiran takarda. Riɗi da zoɓon Jigawa har ƙasashen waje ake kai su, kuma tsakanin gona da tirela akwai awo da gyara da rubuta lissafi. Ga gyaran injin ban ruwa, ga haɗa sola. Shekara ɗaya a gaban mai sana'a tana da ɗaci ga mai NCE, amma takardarka ba ta ruɓewa.

Tsakani da Allah, abubuwa za su gyaru kuwa?

Wanda ya ce maka ya san farashin masarar baɗi ƙarya yake. Abin da za a iya nuna maka shi ne abin da ya riga ya faru a ƙasar nan. An yi yunwar 1914 da ta girgiza ƙasar Kano. An yi farin 1973 da ya kashe dabbobi, cutar gyaɗa ta biyo a 1975, aka sake fari a 1984. Tambayi tsofaffin unguwarku abin da suka ci a shekarun nan. Za ka ji abin da zai sa ka yi shiru, kuma mai ba ka labarin ga shi zaune da jikokinsa. Ba kowa ya tsira ba, kada mu yi wa tarihi kwalliya.

Akwai kuma masifun da aka ɗauka ba sa tafiya. Agana, da ta bar zane a fuskokin kakanninmu, an shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Kurkunu da ke kwantar da manomi a tsakiyar damina, a ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga sama da mutum dubu 650 masu shi a Najeriya, a 2013 aka tabbatar babu shi, ta hanyar tace ruwa da haƙa rijiyoyi da ma'aikatan da suka bi ƙauye-ƙauye. Asalin ƙwayar shan inna ma a Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ita daga Afirka. Babu ɗayansu da ya tafi a dare ɗaya, babu kuma wanda ya tafi da zaman jira.

Maƙwabcina ya shiga wani hali, ya daina fitowa. Me zan ce masa?

Ba sai ka faɗi abu mai yawa ba. Yi sallama, zauna, tambayi gida. Kada ka fara da wa'azi, ya san ayoyin da za ka karanta masa, kada kuma ka ce "ai naka da sauƙi, wane ya fi ka shiga uku". Nana A'isha (RA) takan sa a dama talbina, wani irin kunun sha'ir, a ba marasa lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa. Kwanon tuwo da yaro zai kai da magariba ya fi "in kana son wani abu ka faɗa", don mai kunya ba zai faɗa ba. In noma ya tsere masa, a haɗa 'yar gayya a yi masa maimai. In hatsinka ya kai nisabi za ka fitar da zakka, ɗaya cikin goma ga noman damina, rabin haka ga wanda aka shayar da inji, duba na kusa da ba ya roƙo, ka kai masa ba tare da kowa ya gani ba. Abin da ya gaya maka kada ya zama hirar teburin mai shayi, sai fa in ransa ne ke cikin haɗari, nan dole ka sanar da yayansa ko mahaifinsa ku kai shi asibiti tare. Ka koma jibi, ka sake komawa mako mai zuwa, lokacin da masu jaje suka ɗauke ƙafa.